Zaɓen Ƙaramar Sakandaren Kimiyya Mai Zaman Kanta a Ƙasar Haɗeja: Tsakanin Sunan da Ke Allo da Abin da Ke Cikin Aji

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi shawarar da ke fuskantar magidanci a ƙasar Haɗeja yayin da ɗansa ko 'yarsa suka kammala firamare, ya kuma ƙudurta kai su ɗaya daga cikin ƙananan makarantun kuɗi masu kiran kansu na kimiyya. An ɗora nazarin a kan tanade-tanaden manufar ilimi ta ƙasa, da tarihin makarantun kimiyya na tsohuwar Jihar Kano, da kuma yanayin fadamar Kogin Haɗeja. Maƙalar ta nuna cewa a matakin ƙaramar sakandare manhaja ɗaya ce ake bi a ko'ina, saboda haka kalmar "kimiyya" da ke rubuce a allon makaranta alkawari ce da ke jiran cikawa. An gabatar da ma'aunai huɗu na gane cikar alkawarin, wato malami da aikin gwaji da harshen koyarwa da kuma juriyar makaranta ga ambaliya.

Fitilun Kalmomi: Haɗeja, ƙaramar sakandare, kimiyya, makarantar kuɗi, fadama, harshen koyarwa.

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A tsarin ilimin zamani, shekaru ukun ƙaramar sakandare su ne ƙarshen ɗanyantakar iccen, domin a ƙarshensu ne ake raba ɗalibai zuwa ɓangaren kimiyya ko fasaha ko kasuwanci ko adabi. Yaron da ya fita aji uku bai ƙware a lissafi da tushen kimiyya ba, da wuya ya samu gurbi a ajin kimiyya na babbar sakandare, kuma daga nan hanyarsa ta zuwa likitanci ko injiniyanci ko kimiyyar noma ta ƙuntata tun yana ɗan shekara 14 ko 15.

Sanin haka ne ya sa iyaye da dama, ciki har da manoma da masunta da 'yan kasuwa, ke cire wani kaso na abin da suka samu su biya kuɗin makarantu masu zaman kansu. Masu makarantun kuwa sun fahimci abin da ke ran iyaye, shi ya sa kalmomi irin su "kimiyya" da "akademi" da "intanashinal" suka yawaita a allunan da ake kafawa a bakin titi. Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce: ta yaya uba ko uwa, wanda mai yiwuwa bai taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba, zai iya rarrabe makarantar da ke koyar da kimiyya da wadda ta ari sunan kawai?

2.0 Ƙasar Haɗeja da Fadamarta

Haɗeja ɗaya ce daga cikin masarautu biyar na Jihar Jigawa, jihar da aka ƙirƙiro daga Jihar Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas: Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa da Kaugama da Malam Madori da Birniwa da Guri da Kirikasamma. Hausa ce harshen hulɗa a yankin, ko da yake akwai Fulani da Mangawa da Badawa da ke amfani da harsunansu a gida.

Rayuwar yankin ta rataya ne a kan Kogin Haɗeja, wanda ke samuwa daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa. An gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, kuma waɗannan madatsu sun sauya yadda ruwa ke gudana zuwa fadamar Haɗeja da Nguru. A da can, kogin kan cika da damina ya ja baya da rani. Sakin ruwa a tsawon shekara ya ba ciyawar kachalla damar mamaye hanyoyin ruwa, ta toshe wasu, ta karkatar da ruwa zuwa gonaki da garuruwa, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa. Dausayin Baturiya da ke Kirikasamma, wanda ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, na karɓar tsuntsaye masu ƙaura daga Turai a lokacin hunturu. A Auyo kuma akwai aikin noman rani na Kwarin Haɗeja, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are.

Wannan bayani na da alaƙa da zaɓen makaranta ta fuska biyu. Ta fuska ta farko, matsalolin da suka dabaibaye yankin, kamar kachalla da ambaliya da tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da gishirin da ke taruwa a ƙasar ban-ruwa, duk matsaloli ne da maganinsu ke buƙatar masana kimiyya 'yan ƙasa. Ta fuska ta biyu, fadamar kanta ɗakin gwaje-gwaje ce da Allah Ya shimfiɗa a ƙofar kowace makaranta, ga malamin da ya san darajarta.

3.0 Asalin Kwarjinin Kalmar "Kimiyya"

Kwarjinin da sunan makarantar kimiyya ke da shi a zukatan mutanen Kano da Jigawa yana da tarihi. A 1977 gwamnatin tsohuwar Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, domin magance ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan asalin jihar. Daga baya shirin ya faɗaɗa, ya haɗa da makarantun 'yan mata na Taura da Jahun, da ta maza a Kafin Hausa, waɗanda Jigawa ta gada bayan 1991. Abdalla Uba Adamu ya nazarci shekaru goman farko na wannan shiri a kundin digirinsa na uku da ya gabatar a Jami'ar Sussex ta Ingila a 1988.

Abin lura a nan shi ne yadda aka gina waɗannan makarantu. An sanya su ƙarƙashin hukuma ta musamman, aka ba su malamai da kayan gwaji, aka kuma riƙa ɗaukar ɗalibai ta hanyar jarrabawar tantancewa daga cikin waɗanda suka riga suka yi wasu shekaru a sakandare. Ke nan sunan ya samu daraja ne saboda abin da ke bayansa. Da tsofaffin ɗaliban makarantun suka fara fitowa a matsayin likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a, sai kalmar "kimiyya" ta zama daidai da nagarta a bakin jama'a. Wannan kwarjini ne ƙananan makarantun kuɗi na yau ke jingina da shi. Wasu sun cancanci gadon, wasu kuwa hular suka ɗauka suka bar rawanin.

4.0 Abin da Doka ta Tanada

An ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999, aka kuma kafa dokarsa a 2004. Dokar ta mayar da shekaru shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare ilimin tushe, kyauta kuma tilas a makarantun gwamnati. Hukumar NERDC ce ke tsara manhajar wannan mataki, kuma duk kwaskwarimar da aka yi mata tana hawa kan makarantun gwamnati da masu zaman kansu baki ɗaya. A ƙarshen aji uku kowane ɗalibi zai zauna jarrabawar kammala ilimin tushe, ko dai ta jiha ko ta hukumar NECO.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, a hukumance babu wata keɓaɓɓiyar manhajar kimiyya ga ƙaramar sakandare. Rarrabuwar fannoni sai a babbar sakandare take farawa. Darussan tushen kimiyya da fasaha da lissafi da ake koyarwa a makarantar kuɗi su ne dai ake koyarwa a makarantar gwamnati ta unguwa. Don haka, idan makaranta ta ce ta fi mayar da hankali ga kimiyya, bambancin da za ta iya kawowa yana cikin yadda ake koyarwa, da wanda ke koyarwa, da lokacin da aka ware. Wannan shi ne abin da uba ke biyan kuɗi dominsa, kuma shi ya kamata ya bincika.

Kafin komai, wajibi ne a tabbatar makarantar na da takardar amincewa daga hukumomin ilimi na jiha, kuma tana da izinin gabatar da ɗalibanta jarrabawar aji uku da sunanta. Makarantar da ba ta da wannan izini takan kai ɗalibanta wata makaranta su yi rajista a can, abin da kan haifar da ruɗani a takardun yaro ranar da zai nemi gurbi a gaba.

5.0 Ma'aunan Zaɓe

5.1 Malami

Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Nijeriya ita ce NCE, kuma tun 1993 doka ta kafa hukumar TRCN domin yi wa malamai rajista. Sai dai abin da ya fi takarda muhimmanci a ƙaramar makaranta shi ne sanin mutum nawa ne ke ɗauke da darussan kimiyya da lissafi, kuma tun yaushe suke wurin. Ba sabon abu ba ne a tarar da malami ɗaya na koyar da lissafi da kimiyya da kwamfuta daga aji ɗaya har aji uku. Ranar da irin wannan malami ya samu aikin gwamnati ko gurbin ƙaro karatu, kimiyyar makarantar ta tafi tare da shi. Haka nan makarantar da ta dogara kacokan a kan masu yi wa ƙasa hidima, za ta riƙa sauya malami kowace shekara, ga shi kuma sau da yawa ba sa jin Hausa.

Ƙasar Haɗeja ba ta rasa inda za ta samo malamai. Akwai Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, wadda aka kafa a 2013, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman a cikin garin Haɗeja, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Gumel a maƙwabtaka. Matsalar ita ce riƙe su. Tambayar da ta dace uba ya yi wa shugaban makaranta ita ce: "Malam, wane ne ya koyar da 'yan aji uku lissafi bara, kuma yana nan har yanzu?" Amsar wannan tambaya ta fi duk wata takardar talla bayyana halin da makarantar ke ciki, domin malamin da ake biya haƙƙinsa a kan kari ba ya saurin tafiya.

5.2 Aikin Gwaji

Gani ya kori ji, kuma a kan wannan ƙa'ida aka gina kimiyya. Wasu makarantu kan nuna wa iyaye ɗaki mai kwalabe da madubin ƙara girman abu a cikin kabad. Abin dubawa shi ne ko ƙura ta rufe su, kuma ko akwai alamar aikin a littattafan yara. Littafin ɗalibin aji biyu shi ne shaida mafi gaskiya. Idan babu komai a ciki sai bayanan da aka kwafa daga allo, kalma da kalma iri ɗaya da na abokinsa, to hadda ake yi. Idan kuwa akwai jadawalin awo da zane da lissafin da yaron ya yi da hannunsa, har da inda sakamakon ya saɓa wa abin da aka zata, to ana koyar da kimiyya.

A wannan mataki, gwaji bai buƙatar kayan tsada. Ruwan zoɓo kan ƙara ja idan aka ɗiga masa lemon tsami, ya kuma rikiɗe zuwa duhu mai ratsin kore idan aka sa masa ruwan kanwa. Da wannan kaɗai za a iya koyar da bambancin sinadarai masu tsami da kishiyoyinsu. Idan aka cika gwangwani biyu masu huji, ɗaya da rairayin jigawa ɗaya da lakar fadama, aka zuba musu ruwa daidai wa daida aka auna lokacin tsiyayewarsa, yaro zai gane dalilin da ya sa ake shuka shinkafa a fadama, gero da riɗi kuma a tudu. Gorar roba da aka yanke aka yi mata ma'auni za ta ba aji damar rubuta yawan ruwan sama a farkon zangon farko. Katantanwar bakin ruwa kuwa ƙofa ce ta bayanin yadda tsargiya ke shiga jikin mai wanka ko mai su. Makarantar da ke gefen fadama, amma ɗalibanta ba su taɓa tsige kachalla sun dubi saiwarta sun tambayi dalilin yaɗuwarta ba, ta yi sakaci da abin da wasu makarantun birane ba za su samu ba ko da kuɗi.

5.3 Harshen Koyarwa

Wannan ma'auni shi ya fi shafar masu nazarin Hausa. Iyaye da yawa na auna nagartar makaranta da yadda yaro ke zuba Turanci, har wasu makarantu na cin tarar ɗalibin da ya yi Hausa a haraba. Manufar ƙasa ma ta yi ta kai-kawo a kan batun: a watan Nuwamba na 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen uwa a dukkan shekarun firamare, sannan a watan Nuwamba na 2025 aka sanar da soke matakin. Duk da haka, gwajin da Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara darussan firamare da Yarabanci na tsawon shekaru shida, ya nuna cewa koyo da harshen uwa bai tauye su ba, hasali ma ya taimaka musu.

Babu musu cewa da Turanci za a yi jarrabawar aji uku, kuma dole yaro ya mallake shi. Amma akwai tazara tsakanin haddace jimlar Turanci da fahimtar abin da take nufi. Ɗan masunci daga Guri ya san sunayen tarwaɗa da ƙarfasa da gargaza, ya san wanne ne ke daɗewa a taɓo bai mutu ba. Malamin da ya fara da wannan sani a Hausa, ya ɗora masa bayanin numfashin kifi, sannan ya ba shi kalmar Turanci, ya yi gini a kan tushe. Wanda ya haramta Hausa kuwa ya zubar da duk abin da yaron ya zo da shi daga gida. Rubuta kimiyya da Hausa ma ba baƙon abu ba ne, domin tun zamanin Hukumar Gaskiya a Zariya, Rupert East da Abubakar Imam suka samar da littafin Ikon Allah don bayyana al'amuran halitta ga mai karatun Hausa.

Hanya mai sauƙi ta gwada wannan ita ce uba, ko da bai yi boko ba, ya nemi wani ɗalibin makarantar ya bayyana masa da Hausa abin da aka koya musu a wannan mako. Yaron da ya fahimta zai iya, ko da zai cakuɗa da kalmomin aro. Wanda ya haddace kawai zai maimaita Turancin ya yi shiru.

5.4 Ambaliya da Wurin Makaranta

Shekarar karatu na farawa a watan Satumba, daidai lokacin da Kogin Haɗeja ke kan ganiyar cikarsa. Yankin ya sha ambaliya mai tsanani a 2018 da 2020 da 2022, inda ruwa ya ci gonaki da gidaje, ya yanke hanyoyi, mutane da dama suka fake a gine-ginen makarantu. Ga ɗalibin aji ɗaya, makonnin farko su ne na aza tubalin lissafi, kuma asararsu kan bi yaro har ƙarshen shekara.

Saboda haka ya kamata a duba ko makarantar a tudu take ko a kwari, a kuma tambayi maƙwabta inda ruwa ya tsaya a 2022. A duba hanyar da yaro zai bi, musamman wanda zai riƙa zuwa daga ƙauyukan Auyo ko Kirikasamma, da kuma tsarin da makarantar ke da shi na rama darussan da aka rasa. Ruwan sha da makewayi su ma abin dubawa ne, domin bayan ambaliya ne cututtukan amai da gudawa ke yaɗuwa. Ga 'ya mace da ke kan shekarun balaga, rashin keɓaɓɓen makewayi mai tsafta na iya zama sanadin yawan fashin makaranta. A watannin Afrilu da Mayu kuwa, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ajin da ke ƙarƙashin kwano babu silin babu iska ba wurin tunani ba ne.

6.0 Ƙanƙanta da Tsada

Babbar fa'idar ƙaramar makaranta ita ce malami ya san kowane yaro da sunansa da rauninsa. Manufar ilimi ta ƙasa ta yi tanadin ɗalibai 35 zuwa 40 ga malami ɗaya, adadin da azuzuwan gwamnati a birane kan zarce. Amma ƙanƙanta na da nata haɗarin. Makarantar da kuɗin shigarta ya dogara ga ɗalibai ƙalilan tana girgiza a shekarar da ambaliya ta cinye shinkafa iyaye suka kasa biya, kuma wadda ke gidan haya na iya tashi a tsakiyar zango. Sauya wa yaro makaranta a aji biyu kuwa asara ce ta kuɗi da ta karatu.

Don haka lissafin da ya dace shi ne na zango tara, wato shekaru uku cur, haɗe da kuɗin littattafai da kayan makaranta da sufuri da rajistar jarrabawa. Daidai ruwa daidai tsaki: makaranta mai matsakaicin kuɗi da uba zai iya ɗauka har ƙarshe ta fi mai tsada da za a riƙa koro yaro gida saboda bashi. Haka kuma, tun da manhaja ɗaya ce, makarantar gwamnati mai jajirtaccen malamin lissafi, haɗe da darasin yamma, na iya fin makarantar kuɗi da ba ta cika ma'aunan da aka ambata ba. A ƙarshe, ya dace a tambayi inda ɗaliban da suka kammala suka nufa: nawa ne suka ci jarrabawar shiga makarantun kimiyya na jiha irin su Kafin Hausa da Taura da Jahun, ko makarantar masu hazaƙa ta Bamaina? Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta yi ƙoƙarin nuna cewa darajar da kalmar "kimiyya" ke da ita a Kano da Jigawa ta samo asali ne daga makarantun da aka kafa tun 1977, waɗanda suka tara malamai da kayan aiki kafin su yi suna. A matakin ƙaramar sakandare doka ba ta keɓe wata manhajar kimiyya ba, don haka abin da ke bambanta makaranta da makaranta shi ne malamin da ya daɗe a wurin, da littafin yaro mai ɗauke da awo da zane, da amfani da Hausa a matsayin matakalar fahimta, da kuma ginin da ruwan Satumba ba ya rufewa. Duk waɗannan abubuwa ne da magidanci zai iya dubawa da idonsa a ziyarar yini guda.

Akwai kuma aikin da ya rage a wuyan masana Hausa. Sunayen kifaye da ciyayi da tsuntsaye da nau'o'in ƙasa da masunta da manoman fadamar Haɗeja ke amfani da su, taska ce ta keɓaɓɓun kalmomi da ta cancanci a tattara a daidaita, a mayar da ita ƙananan littattafan taimako ga malaman ƙaramar sakandare. Idan aka samar da irin waɗannan littattafai, malamin da ke son fara darasinsa daga bakin kogi zai samu abin riƙewa, uba kuma zai samu ƙarin abin tambaya ranar da ya je duba makaranta.